Cinikin da Ba Shi da Ajali

 

Mas'alar da za mu duba a yau wata magana ce da ta yawaita a bakin mutane, a majalisun bayan La'asar da teburan masu shayi, har ma da cikin gidaje, inda za ka ji mutum kamili, wanda ba a san shi da wasa da hankali ba, ya ce: "Mu dai a ba mu zaman lafiya, in jam'iyya ɗaya ce za ta riƙe ƙasar har Mahadi ya bayyana, ta riƙe." Abin da ya ƙara wa maganar kaifi shi ne guguwar sauya sheƙar da aka gani a shekarar 2025, lokacin da gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Inugu da Bayelsa suka bar PDP suka koma APC, sanatocin Kebbi su uku suka bi sahu a lokaci guda, shugaban APC na wancan lokaci, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya nuna cewa shi bai ga aibin tsarin jam'iyya ɗaya ba in mutane ne suka zaɓa, har ya kafa hujja da ƙasar Sin, ko da yake Shugaba Tinubu, a jawabinsa na ranar 12 ga Yuni a gaban majalisa, ya ce ba shi da wannan nufi.

Kafin mu auna wannan magana, wajibi ne mu yi wa mai faɗinta adalci, domin ba daga jahilci take fitowa ba. Mutumin Bauchi da ya ji ƙarar bindiga a Dutsen Tanshi ranar 26 ga Yuli, 2009, wadda ita ce farkon wutar da ta cinye Arewa maso Gabas. Wanda ya kwana da fargaba ranar 7 ga Satumba, 2010, sa'ad da aka fasa gidan yarin da ke tsakiyar gari aka saki fursunoni 721. Wanda ya ga hayaƙin babbar kasuwa a Disambar 2014. Wanda a yau ma yake cire wani abu daga ɗan abin da ya samu ya ba 'yan kwamitin unguwa don su kore masa 'yan sara-suka daga lungu, kuma yake jin labarin masu garkuwa da mutane a dazuzzukan Alkaleri da Toro da Ningi, lalle irin wannan mutum in ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ya san abin da yake faɗi. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe suna tsoratarwa game da fitina, suna ganin haƙuri da shugaba mai rauni ya fi sauƙi a kan rushewar jama'a, kuma duk yaron da ya kai Suratu Ƙuraishi a allonsa ya san cewa ƙoshi da aminci su ne ni'imomi biyun da aka ambata a cikinta. Saboda haka babu jayayya a kan darajar abin da ake son saye. Jayayyar tana kan sharuɗɗan cinikin.

A babin ciniki akwai wani nau'i da malamai ke kira salam, wato mutum ya ba da kuɗinsa yanzu a kan za a kawo masa kaya daga baya, kamar yadda fatake ke yi da manoma tun hatsi yana gona. Shari'a ta halatta shi saboda buƙatar mutane, amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa: a san irin kayan da siffarsa, a san awonsa, kuma a yanka ajalin da za a kawo shi, idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, ciniki ya shiga garari, ya ɓaci. To, zaɓe ma haka yake, domin talaka yana miƙa ƙuri'arsa lakadan ran Asabar, a kan alkawarin tsaro da abinci da za su zo daga baya, kuma ajalin da aka yanka masa shi ne shekara huɗu, ranar da zai duba kayan, in sun yi masa ya sabunta, in ba su yi ba ya nufi wani ɗan kasuwa. Wanda ya yarda a rushe sauran jam'iyyu don a ba shi zaman lafiya, ya biya kuɗi, ya yafe ajali, ya kuma yarda a rufe kowace rumfa a kasuwa in ban da ta wanda yake bi bashi. In kayan ba su zo ba, wa zai kai wa ƙara?

Wannan gari namu na Bauchi ya fi kowane gari a Arewa cancantar ya san amsar, domin a nan aka fara muhawarar. A shekarar 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, wanda ya zo koyarwa a Makarantar Midil, suke zama da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suna tattauna al'amuran ƙasa, har ranar da aka tayar da tambaya a kan ma'aunin da ake bi wajen yanka albashin sarakuna, abin da hukuma ba ta iya haɗiyewa ba, majalisar ba ta daɗe ba bayan nan aka rufe ta. Daga wannan zaure hanya ta rabu biyu. Ɓalewa ya zama jigo a Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, mai kirarin Salama; Aminu Kano ya ja ragamar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, mai kirarin Sawaba, Zungur kuma ya ƙare rayuwarsa a 1958 yana tare da masu neman sauyi.

Hujjar NPC ba abar rainawa ba ce. Arewa tana baya ƙwarai a ilmin boko, ana gab da samun mulkin kai, kuma dattawan jam'iyyar suna ganin cewa idan 'yan Arewa suka rarrabu, ma'aikatan Kudu za su cike kowane ofis daga Sakkwato har Yola. Don haka suka ce a haɗa kai a bayan Sardauna da sarakuna, a bar gardama sai an tsaya da ƙafa. Kuma sun yi aiki wanda har yau ana cin moriyarsa: masaƙar Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da layin dogon da ya iso Bauchi a 1961 ya kai Maiduguri a 1964. A zaɓen tarayya na 1959 jam'iyyar ta sami kujeru 134 daga cikin 312, a zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1961 kuwa ta kwashe fiye da 150 daga cikin 170.

Sai dai dattawan da suka ga zamanin, waɗanda har yanzu akwai ragowarsu a zaurukan gundumar Ɗan Iya ta nan Bauchi, sun san yadda aka tara wani sashe na wannan rinjaye. Ɗan hamayya ba ya yin lacca sai da takardar izni daga En'e, wadda shugabanninta 'yan jam'iyya mai mulki ne. In ya samu iznin ya hau tebur ya ambaci sunan hakimi, kafin ya sauko 'yan doka suna jiransa, gobe a gurfanar da shi gaban alƙali a kan zagi ko ta da hankali, a yi masa bulala ko a ɗaure shi wata shida. In manomi ne a tsananta masa wajen haraji, in ɗan kasuwa ne ya rasa rumfa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, alhali matan Arewa a lokacin ko ƙuri'a ba su da ita. Zuwa zaɓen Disambar 1964, 'yan takarar NPC masu yawa aka ce sun ci ba hamayya, saboda abokan karawarsu sun kasa ko miƙa takardunsu, 'yan hamayya suka ƙaurace wa zaɓen, ƙasar Tibi tana cin wuta, Jihar Yamma ta rikice bayan zaɓen 1965. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Firayim Minista Ɓalewa da Sardauna, daga nan sai yaƙin basasa na wata talatin. Ba muna ɗora wa NPC alhakin jinin shugabanninta ba, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka harbe su su ne masu laifi. Abin lura shi ne, rinjayen da aka ce shi ne garkuwar Arewa bai kare ko waɗanda suka gina shi ba. Kuma ya kamata masu ziyartar kabarin Ɓalewa a nan garin su tuna cewa abin da ya fara ɗaukaka sunansa shi ne ƙudurin da ya gabatar a Majalisar Arewa a Agustan 1950, inda ya soki tsarin mulkin En'e a gaban Turawa da wakilan sarakuna, ya nemi a gyara shi. Da an toshe bakin masu suka tun a ranar, da ba a san shi ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada abin har ƙarshensa. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, jam'iyyar Shugaba Diori Hamani ta zauna ita kaɗai, yana tsayawa takara ba abokin karawa, ana cewa ƙasa matalauciya ba ta da ƙarfin ɗaukar gardama. Da farin farkon shekarun 1970 ya zo, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, ana ta raɗe-raɗin cewa hatsin agaji yana ɓacewa a hannun manya, babu wani ɗan majalisa guda da aikinsa shi ne ya miƙe ya tambaya, har sai da Seyni Kountché ya yi tambayar da bakin bindiga ranar 15 ga Afrilu, 1974. Mu ma a nan mun ga jam'iyyu biyar na zamanin Janar Abacha sun taru a 1998 sun tsayar da mutum ɗaya a ƙarƙashin kiran tazarce. Mun kuma ji shugaban PDP, Vincent Ogbulafor, yana cewa a 2008 jam'iyyarsa za ta yi shekara sittin tana mulki, sai ga shi ta yi goma sha shida.

Masu son tsarin jam'iyya ɗaya sukan kawo misalin Singafo, kuma ya dace a saurare su. Jam'iyya guda ke mulkin wannan tsibiri tun 1959, daga 1968 zuwa 1981 babu ɗan hamayya ko ɗaya a majalisarsu, kuma a cikin wannan zamani Lee Kuan Yew ya mayar da ƙasar daga tashar jiragen ruwa mai fama da talauci zuwa ɗaya daga cikin mawadatan duniya, inda kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, kuma ministan da aka kama da cin hanci yakan fuskanci shari'a. Haƙiƙa a can an kawo kayan. Amma duk wanda ya ambaci Singafo, amana ta wajabta masa ya ambaci Zayar ta Mobutu, wanda ya riƙe ƙasa daga 1965 zuwa 1997 da irin wannan alkawari na kawar da hargitsi, ya bar ta cikin yaƙin da har yau bai mutu ba. Al'ummar da ta miƙa wuyanta ba ta da ikon zaɓen wanda za ta samu a cikin biyun; sai abin da ƙaddara ta ba ta, kuma tarihin nahiyarmu ya nuna irin su Mobutu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu bari mu dawo gida mu tambaya: shin haɗuwar mulki a hannun jam'iyya ɗaya ya taɓa saya mana tsaro? Ranar da aka fasa gidan yarin Bauchi, gwamna da shugaban ƙasa duk 'yan PDP ne. Ranar 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnan Katsina da shugaban ƙasa duk 'yan APC ne, shugaban ma yana Daura a makon. Ɗan bindiga ba ya duba tutar da ke kan gidan gwamnati. Abin da ke hana shi sakat shi ne ɗan sanda mai albashi da mai a mota, da alƙalin da ba a saye shi, da kuɗin tsaro da ake kashewa a kan tsaro. Waɗannan kuwa ba su samuwa sai inda akwai mai bin diddigi. Kason da ake ware wa gwamnoni da sunan tsaro kuɗi ne da galibi ba a bayyana wa jama'a yadda aka kashe shi, kuma majalisar da dukan 'ya'yanta ke jiran gwamna ya sa musu hannu a takarar gaba ba za ta tambaye shi ba. Shi ya sa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafin Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Usulus Siyasa, suka ba shawara da adalci muhimmanci a sha'anin mulki. Shugaba, kome kyawun niyyarsa, mutum ne, yana buƙatar wanda zai gaya masa abin da fadawa ba za su faɗa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa wannan cuta ta jam'iyya guda ce, ko kuwa tana Abuja kaɗai. A zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Bauchi na Agustan 2024, PDP ce ta cinye kujerun shugabanni 20 duka. A Kano, a Oktoban shekarar, NNPP ta kwashe 44 duka. Jihohin APC ma haka suke yi. Ashe tsarin jam'iyya ɗaya da ake tsoron zuwansa ya riga ya kwana a matakin da ya fi kusa da talaka, inda kansila ya san cewa ba mutanen unguwa ne suka ɗora shi ba, don haka in kwata ta toshe ko fitilar lungu ta mutu har ɓarayi suka samu mafaka, ba ƙofarsu zai fara zuwa ba. Duk jam'iyyar da ke kukan danniya a tarayya tana yin irinta a jiharta. Tsarin mulkinmu ma ya bar ƙofa a buɗe: sashe na 68 da na 109 sun ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyarsa ta rabu, kuma ba a taɓa rasa wanda zai rantse cewa ta rabu ba, game da gwamna kuwa babu irin wannan tanadi sam.

Mutanen Bauchi sun ɗanɗana wannan da bakinsu. A 2007, bayan shekara takwas na PDP, jama'ar wannan gari suka yi abin da ya zama darasi ga ƙasa baki ɗaya, da kirarin a kasa, a tsare, a raka. Mutum ya jefa ƙuri'arsa tun hantsi ya ƙi tafiya gida, ya tsaya a rana har a ƙirga a gabansa, tsofaffi a kan tabarma, mata da goyo, sa'an nan a ɗauki akwati samari su bi shi a ƙafa da kan babura har wurin tattara sakamako, su kwana a bakin ƙofa. Da haka Malam Isa Yuguda na ANPP ya zama gwamna, gwamna mai barin gado Ahmadu Adamu Mu'azu kuma ya sha kaye a takarar sanata a hannun Bala Muhammad. Shekara biyu kacal bayan haka, a 2009, gwamnan ya ɗauki amanar da aka ba shi ya koma jam'iyyar da aka kayar, mataimakinsa Garba Muhammad Gadi ya ƙi binsa, majalisa ta tsige shi, sai kotu ce ta mayar da shi a 2010. Wannan abu ya karya zukatan mutane da yawa, kuma daga irinsa ne maganar "duk ɗaya suke" ta samo asali. Amma ku dubi abin da ya biyo baya: a 2015 aka yi APC sak, Muhammad Abdullahi Abubakar ya hau, a 2019 jama'a suka ga kayan ba su yi musu ba, suka dafa shinkafa da wake, suka ba Buhari ƙuri'ar shugaban ƙasa, suka sauke gwamna mai ci suka ɗora Bala Muhammad na PDP. Kowane gwamna da zai zauna a gidan gwamnatin Bauchi yanzu ya san cewa mutanen nan suna iya sallamarsa, kuma wannan sanin dukiya ce da jihohi da yawa ba su mallaka ba.

Mai sauraro zai iya cewa: to, duk wannan sauye-sauye, ina tsaron da ya kawo? Ba 'yan siyasar hamayya da na gwamnati ne suka raini 'yan sara-suka don yaƙin zaɓe ba? Ba bayan zaɓen 2011 ne aka zubar da jini a jihar nan, har da na matasa masu yi wa ƙasa hidima ba? Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba mu da niyyar sa mata zuma. Yawan jam'iyyu ba ya lamunce wa kowa shugaba nagari, kuma hamayyar da ba ta da aƙida sai neman kujera ita ma musiba ce. Abin da zaɓe na gaskiya yake lamuncewa ƙarami ne, amma babu madadinsa: hanyar rabuwa da shugaban da ya gaza ba tare da an zubar da jini ba. Inda aka toshe wannan hanya, fushin jama'a ba ya gushewa, sai dai ya nemi wata mafita, ko ta barikin soja ko ta daji, kuma mun ga dukansu biyu.

Saboda haka nasiharmu ga jama'ar Ɗan Iya da sauran masu sauraro ita ce, wanda ya ga jam'iyya mai mulki ta yi masa aiki, ya zaɓe ta da zuciya ɗaya, wannan haƙƙinsa ne, kuma rinjayen da aka samu ta hanyar aiki halal ne. Amma kada ya yi murna in ya ga an kori ɗan takarar hamayya da ƙarfin hukuma, ko an hana shi filin taro, ko an rubuta sakamako kafin a kasa, ko da wanda aka zalunta abokin gabarsa ne, domin sandar da aka doki wancan da ita tana nan a jingine. Idan mai neman ƙuri'a ya zo zaure ya ce zai kawo tsaro, a tambaye shi siffar kayan da awonsu: 'yan sanda nawa, a wane ofishi, da wane kuɗi, zuwa wane wata, kuma wa zai duba lissafin. A tambaye shi ko zai ajiye kujerar in ya sauya jam'iyya. A riƙe katin zaɓe kamar yadda ake riƙe takardar gida, a fito ranar zaɓen kansila kamar yadda ake fitowa ranar na shugaban ƙasa, ko da an ce an riga an gama, domin kujerar da ba a yi gardama a kanta ba ita ce ake rabawa a ɗaki.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu mashawarta masu gaya musu gaskiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu.